Farar Ƙasar Injiniya Hizbullahi

"Ni da zafin garin Nguru, bana sai ɗayanmu ya yi ƙaura, kuma ni ban ɗaure kaya ba."

Hizbullahi mai gyaran fanka ne ya faɗi haka a ƙofar rumfarsa, yana sharce gumi da gefen hula. Kai da ba ka san shi ba, matso in kwatanta maka. Gajere ne mai ɗan tumbi, kullum da biro uku a aljihun gaba, kuma babu mai rubutu a cikinsu. Shekararsa goma sha huɗu yana gyaran fanka a garin da wutar lantarki ke leƙowa kamar wadda ta yi ɓatan hanya. Shi ya sa har yau ba a tabbatar ko ya iya gyaran ba. Kafin a kawo wutar da za a gwada, mai fankar ya manta wanda ya kai wa.

Abin da ya ɗaga masa kai shi ne wata bitar kwana uku da aka yi a Damaturu, a kan yadda ake gina gida mai sanyi ba tare da janareta ba. Ɗan'uwansa aka gayyata, ciwon haƙori ya kwantar da shi, Hizbullahi ya ɗauki takardar ya tafi. Ɗakin taron akwai esi, na'urar sanyaya ɗaki. Mutumin Nguru kuwa ya ci shinkafa ya ƙoshi sannan a zaunar da shi a esi, ai ka san sauran bayanin. Darasin safe ya ji shi da kunnensa, na rana ya yi shi da ido rufe. Ya dawo gida da takardar shaida da abu uku a ka: bango ya yi kauri, tagogi su kalli juna, sannan farin abu yana korar rana. Tun daga tasha ya sanar cewa daga yau Injiniya ne sunansa.

To, ga abin da ya sa ilimin ya zo a kan gaɓa. Azumi zai kama a tsakiyar bazara. Bara surukarsa, Ya Fanne, ta taso daga Gashua za ta yi azumi a wajensu, aka sauke ta a ɗakin bulo mai rufin kwano. Kwana huɗu ta yi ta ce ita ba gurasa ba ce da za a manna ta a tanderu, ta koma tsohon soronta. Bana sai matarsa Saratu ta riga shi magana.

"Malam, ni dai bana tare da Ya zan yi azumi. In akwai inda za ta zauna a gidan nan ba ta dahu ba, ta zo. In babu, ni zan tafi Gashua, sai bayan salla."

"Kunun buɗa-bakina fa?"

"Akwai ludayi a gidan."

Sau ɗaya tak Hizbullahi ya taɓa dama kunu a rayuwarsa, kuma da abin da ya fito aka liƙe ƙasan wani bokiti, har yau bai sake yoyo ba. Ya miƙe, ya gyara zaman biro.

"Ki aika wa Hajiya ta taho da bargo. Injiniya kike aure."

"Tun yaushe?"

"Tun Alhamis."

Gidansa a ƙarshen gari yake, bayansa burtali ne, hanyar da shanu ke bi zuwa kasuwa da mashaya. Nan ya shata ɗakin, bangon baya yana kallon burtalin, wai ta nan iska take fitowa. Ya kira Baba Ya'u magini, tsohon da ya shekara hamsin yana gina soraye, wanda rabin garin nan a ƙarƙashin azararsa aka haife su. Baba Ya'u ya ce to, a kawo jar ƙasa daga kududdufin da aka saba.

Injiniya ya yi murmushin tausayi. Jar ƙasa? Shi da ya taɓa wucewa ta wani kwari a hanyar Yusufari, ya ga ƙasa fara fat tana ƙyalli a rana? Me zai sa ya yi gini da ja sannan ya nemi farin fenti, ga wadda Allah ya riga ya yi wa fentinta? Ya ɗauki akori-kura ya tafi da kansa. Sawu bakwai aka yi, aka jibge ta a bayan gida kamar an zazzage garin rogo.

Baba Ya'u ya zo da safe. Ya zagaya tsibin. Ya tsuguna, ya murza ƙasar a yatsu, ya dangwala ya sa a harshe, don haka yake yi wa kowace ƙasa kafin ya taɓa ta. Ya tofar.

"Ɗan nan, gini za a yi da wannan ko wake za a dafa?"

"Ban gane ba, Baba."

"Kanwa ce. Rabinta kanwa."

"Baba, a Damaturu ba a lasar ƙasa. Kimiyya ake yi."

"Madalla. Me kimiyyar ta ce a kan kanwa?"

Hizbullahi ya laluba cikin kansa. Ya tuna an taɓa nuna hoton wata kwalba da ƙasa a ciki, an ce za a yi bayaninta bayan cin abinci.

"Ba ta hana ba," in ji shi.

Baba Ya'u ya saɓa igiyar awonsa a kafaɗa. "Ni dai ban taɓa gina abin da ake sawa a miya ba, kuma ba zan fara da furfura ba. In kun gama a kira ni in yi kallo."

Injiniya ya ce tsoro ne irin na tsofaffin da zamani ya bari a tasha. Ya samo leburori, ya tsaya a kansu da lema da biro a kunne. Aka kwaɓa, aka yi tubali, aka ɗora. Kaurin bango kamu biyu cif, ka ce ganuwa. Aka jera azara, aka shimfiɗa asabarin kachalla, wannan doguwar ciyawar da ta cinye mana fadama, aka rufe da ƙasa. Taga ɗaya a kudu, ɗaya a arewa, suna kallon juna kamar masu jiran wanda zai fara gaisuwa.

Kuma zan faɗa maka gaskiya, don ni ba na yi wa mutum sharri sai da dalili. Ɗakin ya yi sanyi. Da tsakar rana, lokacin da ƙadangare ke tafiya da ƙafa uku don ya hutar da ɗaya, in ka shiga ɗakin nan sai ka ji kamar ka sa kai a cikin randa. Injiniya ya tsaya a tsakiya, ya buɗe hannuwa, ya ce wa zafi ya shigo in ya isa.

Zafi bai shigo ba. Akuya ce ta zo.

Akuyar maƙwabta ce, wata ramammiya mai kunne ɗaya. Ya same ta a bayan ɗakin ta lumshe ido tana lasar bango a hankali, kamar mai karatun allo. Ya tsaya yana kallo, abin ya burge shi.

"Saratu, zo ki gani! An ce gini nagari shi ne wanda muhalli ya karɓa. Ga muhalli nan ya zo da kansa."

Saratu ta leƙo. "Muhallin nan zai tsaya a ɗaya kuwa?"

Washegari muhalli ya dawo su goma sha ɗaya, har da bunsuru.

Injiniya ya ce abu mai sauƙi ne. Ya kewaye bangon da dangar kara. Awakin suka cinye dangar da hantsi, suka koma kan bango da azahar, don su ma sun san bayan abinci ake neman ɗan abin gyara baki. Ya ce to, za su ga kimiyya. Ya daka barkono tsiduhu, ya dama a bokiti, ya watsa wa bangon tun daga sama har ƙasa. Shi ya kwana biyu yana atishawa. Ruwan kuwa da ya shiga bangon ya bushe, sai ya jawo kanwar waje, ta fito fara sol kamar an barbaɗa gishiri. Awakin da suka dawo suka tarar an ƙara musu yaji. Ba su yi ƙorafi ba.

Ranar Talata, ranar kasuwar shanu, Bappayo ya biyo burtali da garkensa. Bafulatani ne dogo, mai magana a hankali, da sanda a wuya. Babbar saniyar da ke gaba ta tsaya cak, ta ɗaga hanci, ta yi kwana. Sauran arba'in suka bi ta. Hizbullahi ya fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Kai, Bappayo! Kore su! Gini ne!"

Bappayo ya jingina da sanda yana kallon shanunsa sun jeru a bango kafaɗa da kafaɗa.

"Allah ya saka maka, Injiniya. Da sai mun yi tafiyar yini kafin su samu kanwa. Yanzu ga ta a tsaye, ko sunkuyawa ba sa yi."

"Ɗakin surukata ne!"

"Ayya. Ka gaishe ta. Ai ta waje suke."

Saura kwana biyu azumi Ya Fanne ta iso, da ƙullin kayanta da butarta da mafici na kaba. Ta shiga ɗakin, ta zauna a tabarma. Can sai ta ajiye maficin. Wanda ya san Ya Fanne ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, matar da ko a ɗaurin aure ba ta rabuwa da shi.

Hizbullahi ya zo gaisuwa yadda suruki ke yi. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofa ta waje, ido a ƙasa.

"Hajiya, an zo lafiya? Ya hanya?"

"Wushe, wushe," ta amsa da gaisuwar Barbarci. "Lafiya lau." Ta juya wajen 'yarta, don ba ta doguwar magana da shi kai tsaye. "Saratu, ki ce masa ɗaki ya yi albarka."

Ya tashi kansa na neman taɓa azara. Daga ranar bai ƙara sa ƙafa a ɗakin ba, don wane marar kunya ne zai shiga ɗakin surukarsa? Iyakarsa bakin ƙofa, safe da yamma, ido a ƙasa. Saboda haka duk abin da ke gudana a ciki, ni da kai za mu sani, shi ban da shi.

Ga abin da ke gudana. Tun a yammacin farko Ya Fanne ta ga wani farin gari yana tsattsafowa a bangon baya. Ta dangwala, ta ɗanɗana, ta ɗaga gira.

"Saratu, kar ki sake aikawa kasuwa neman kanwa. Miƙo mini cokali."

Ka san azumi a ƙasar nan ba ya tafiya sai da kunun kanwa. Ya Fanne ta kankaro, ta jiƙa, ta tace, aka dama. Hizbullahi ya kurɓa da magariba, ya lumshe ido.

"Saratu, kunun bana ya fi na kullum. Ina kika samo kanwar?"

"Ta gida ce."

"Shi ya sa. Abin gida daban ne."

Ya Fanne kuwa mace ce mai kyauta. Maƙwabciya ta shigo gaishe ta, ta kankaro mata. Ta gaba da ita ta ji labari, ta zo da kofi. Kafin azumi ya kwana bakwai, duk layin nan babu gidan da ba a shan ɗakin Injiniya da magariba. Cokali ya gaza, aka koma wuƙa, wuƙa ta gaza, aka aro 'yar fartanya. Da ramin ya fara muni, Ya Fanne ta rataya zanenta na atamfa a kai, ya zauna kamar ado.

Shi kuma yana can waje yana yaƙi. Da azumi a bakinsa, rana na dukan ƙeyarsa, yana bin shanu da sanda daga wannan kusurwa zuwa waccan. In ya kori na dama, na hagu sun dawo. Bangon ya lotsa ya yi sumul, kamar cikin ƙwarya. Sai dabara ta zo masa: ya kwaɓa sauran farar ƙasar ya yaɓe wurin da ya lotsa. Bappayo ya iso da yamma ya ga sabon yaɓe, ya dafa ƙirji.

"Har an ƙara musu? Kai, Injiniya, ba ka gajiya da alheri."

Duk da haka Hizbullahi bai damu can can ba. Ya yi lissafi da biron da ba ya rubutu: kamu biyu ne, ko shanu sun cinye ɗaya, saura ɗaya, kuma ɗaya ya isa ya kai su salla. Lissafin daidai ne. Bai dai san ana ci ta ɗaya gefen ba.

Ranar sha biyu ga azumi ya ga lokaci ya yi da duniya za ta shaida. Ya gayyato Wakili, wato wakilin mai unguwa, da dattawan masallaci huɗu, da Baba Ya'u musamman, don ya ga abin da ya guje wa. Aka roƙi Ya Fanne ta ɗan koma ɗakin 'yarta. Bayan la'asar suka shigo, suka zazzauna. Sanyi ya ratsa su. Wani dattijo har ya fara gyangyaɗi.

"Ranka ya daɗe," in ji Injiniya, yana tsaye a tsakiya, "ba fanka, ba janareta, ba hayaƙi. Ƙasa ce da ilimi. Wasu sun ce ba za ta yi ba." Ya saci kallon Baba Ya'u. "Ba zan kama suna ba, suna cikin ɗakin nan."

Kunnen Baba Ya'u ya karkata wajen zanen atamfar, inda wani sauti ke fitowa a hankali, shaf, shaf, shaf.

"Wannan ƙarar fa?" in ji Wakili.

"Iska ce, ranka ya daɗe, tana neman hanya ba ta samu ba. Sirrin duk yana cikin kauri. Bangon nan da kuke gani, ko mota ta daka shi, motar za a kai gareji."

Ya matsa, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga tafi, ya maka wa bangon ta kan zanen.

Hannun ya wuce. Ya wuce da zanen, har kafaɗa, kumatunsa ya manne da bango.

Aka ga idon Injiniya ya fito waje, bakinsa ya buɗe, yana wani irin motsi kamar wanda ake yi wa cakulkuli a wurin makoki. A can waje wani abu mai ɗumi, mai kaushi, mai jiƙa yana bin hannunsa tun daga yatsu har gwiwar hannu.

"Lasata ake yi," in ji shi da ƙaramar murya.

"Kar ka damu," in ji Wakili. "Azuminka na nan. Dabbar ce ta lasa, ba kai ba."

Ya fizgo hannun da ƙarfi. Ɓaraguzai suka biyo shi, sannan wani falle mai faɗin tabarma ya rufto gaba ɗaya. Rana ta faɗo ɗakin, iska mai zafi ta biyo ta kamar an buɗe murfin tukunya. Da ƙura ta lafa, sai ga kan babbar saniyar Bappayo a cikin ɗaki, ƙaho da komai, da zanen Ya Fanne rataye a ƙaho ɗaya. Ta dubi dattawa ɗaya bayan ɗaya, ta ga ba wanda ta sani, ta juya ta ci gaba da lasar gefen ramin.

Baba Ya'u ya gyara zama. "Ka ce tagogi su kalli juna. Wannan wa take kallo?"

Ta saman bayan saniyar fuskar Bappayo ta leƙo.

"Salamu alaikum. A'a, Injiniya, ashe ta ciki ma an buɗe? Mutanenmu dama sun aiko ni. Suna so a gina mana irinsa guda uku a ruga. Amma sun ce kar ka wahala da rufi."

Dattawa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna kakkaɓe riguna. Wanda ya yi gyangyaɗi ya sunkuya a bakin ramin, ya zaɓi ɓaragujin da ya fi fari, ya sa a aljihu, ya ce maiɗakinsa ta daɗe tana yaba kanwar nan.

Ya Fanne ta zo ta tsaya a ƙofa. Ta dubi saniya, ta dubi burtali da masu wucewa suna leƙe, ta dubi tabarmarta da yawu ya fara ɗiga a kai. Ta ɗauki maficinta daga inda ta ajiye shi kwana goma sha huɗu da suka wuce.

"Saratu, ki ce masa na gode. Ki ce masa ni ban saba kwana da baƙi ba."

Washegari da hantsi mai keke-napep ya tsaya a ƙofar gida zai kai su tasha. Aka ɗora ƙullin Ya Fanne, aka ɗora akwatin Saratu, aka ɗora wani buhu mai nauyi da sai da mutum biyu suka ɗaga. Hizbullahi ya tambaya mene ne a ciki. Aka ce tsarabar mutanen Gashua ce, kusurwar gabas ta ɗakin.

Ya bi keken da sassarfa, ya kama ƙarfen, ya sassauta murya don kar surukarsa ta ji, ko da yake tana zaune kamu ɗaya daga bakinsa.

"Saratu, saura kwana goma sha bakwai fa. Wa zai dama mini kunu?"

Saratu ta gyara mayafi.

"Gero na cikin buhu, ludayi na kan randa. Kanwa kuwa ga ɗaki guda na bar maka. Ka dai riƙa ɓantara daga sama, Injiniya. Ƙasan na shanun Bappayo ne."